Daga Tashar Ƙaura Zuwa Dajin Bama: Me Ya Sa Ƙungiyoyinmu Ba Sa Sauraron 'Yan Mazan Jiya?

  Gaisuwa ga mutanen Birnin Tsaba da Zurmi. Gaisuwa ga na Shinkafi da Ƙaura Namoda, da duk wanda muryar nan ta iske, a gida yake ko a shago ko a bakin kasuwa.

A shirinmu na yau, maganar 'yan mazan jiya za a yi, wato tsofaffin sojoji. Musamman waɗanda aka kwasa daga garuruwanmu aka kai su yaƙi wata ƙasa, suka dawo suka zauna cikinmu shiru. Saƙon shirin guda ɗaya ne. Ƙungiyoyin ci gaban gari su gayyaci waɗannan bayin Allah, su saurare su, su adana abin da suka faɗa tun suna raye.

Shirin ya kasu huɗu. Da farko za a bayyana wane ne sojan ko-ta-kwana, da abin da ya haɗa shi da ƙungiyar gari. Na biyu, labarin yaƙin Bama. Na uku, waɗanda suka biyo bayan 'yan Bama, daga Kwango zuwa Laberiya. Na huɗu, yadda ƙungiya za ta shirya irin wannan zama ba tare da ta tayar wa tsoho da miki ba.

Ga kashi na farko.

Mai sauraro, akwai soja iri biyu. Akwai wanda aikin soja ne sana'arsa, kullum yana bariki cikin kaki. Akwai kuma sojan ko-ta-kwana. Shi wannan ya samu horo, amma yana gari yana sana'arsa. Malamin makaranta ne, ko direba, ko ma'aikacin asibiti. Ranar da yaƙi ya yi zafi, sai takarda ta iso, ya ajiye alli ko sitiyari ya ɗauki bindiga.

A Amurka irin waɗannan sojoji suna da yawa. Dubbansu aka tura Afganistan daga 2001, aka tura Iraƙi daga 2003. Idan ɗayansu ya dawo, sau da yawa ƙungiyoyin hidima ga al'umma na garinsu sukan gayyace shi ya yi musu bayani. Daga cikin irin waɗannan ƙungiyoyi akwai Rotary, wadda wani lauya Paul Harris ya kafa a birnin Cikago a 1905. Akwai Lions, wadda aka kafa a 1917. Al'adarsu ce su haɗu a kai a kai, su ci abinci tare, su ba baƙo guda dama ya yi jawabi. Sojan zai tsaya ya faɗi inda aka kai shi, aikin da ya yi, da halin da ya baro iyalinsa. A yi masa tambayoyi. Daga nan ƙungiyar ta duba ina za ta taimaka.

Ita Rotary ba baƙuwa ba ce a Arewa, domin reshenta na farko a Najeriya a Kano aka buɗe shi a 1961. Amma mu a nan ba sai mun jira Rotary ba. Muna da ƙungiyoyin ci gaban gari. Muna da 'yan agaji na masallatai. Muna da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, da na matasa masu aikin gayya, masu yashe kwata da gyaran maƙabarta. Masu sauraron suna nan. Masu labarin ma suna nan. Haɗa su wuri guda ne ba a yi ba.

Shin mu ma mun taɓa yin sojojin ko-ta-kwana? Ƙwarai kuwa. Lokacin da yaƙin basasa ya ɓarke a watan Yulin 1967, sojojin Najeriya ba su wuce kimanin 10,000 ba. Gwamnati ta yi kira ga tsofaffin sojoji su dawo bakin aiki. Mutanen da suka ajiye kaki shekara ashirin, suka koma noma da gadi da ɗan doka, suka sake shiga sahu. Da yawansu 'yan Bama ne. Kafin yaƙin ya ƙare a Janairun 1970, rundunar ta haura 200,000.

To su wane ne 'yan Bama? Wannan ya kawo mu kashi na biyu.

Bamar da ake nufi ba ta Barno ba ce. Ƙasa ce a nahiyar Asiya, gabas da Indiya, wadda yau ake kira Myanmar. A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu ke kira yaƙin Hitila, Japan ta ƙwace ta daga hannun Ingila a 1942. Ingila ta rasa isassun mutane, sai ta waiwayo Afirka ta Yamma. Kafin yaƙin ya ƙare, 'yan Najeriya fiye da 100,000 sun sa kakin soja, kuma kaso mai tsoka daga Arewa ya fito.

A wancan lokaci yankin nan namu na Zamfara yana cikin Lardin Sakkwato. Ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai ake neman kurata. Wasu samari da kansu suka kai kansu, don albashi ko don ganin duniya. Wasu kuwa tura su aka yi, domin an yanka wa gari adadin da zai kawo.

Ku tuna, layin dogo ya iso Ƙaura Namoda tun 1929. Nan ne ƙarshensa. Jirgin da ke kwasar gyaɗa da auduga shi ne hanyar duk wanda zai fita daga wannan yanki zuwa kudu. Daga Ƙaura sai Gusau, sai Funtuwa, sai Zariya, inda makarantar horar da kurata take tun 1924. Daga can sai Ikko. A Ikko sai jirgin ruwa. Saurayin da babban ruwan da ya sani shi ne gulbin garinsu da damina, ya wayi gari a tsakiyar teku, makonni ba ya ganin tudu. Wasu an zagaya da su ta ƙarshen Afirka ta Kudu, wasu ta mashigin Suwez, har zuwa Bombay a Indiya.

Kafin Bama ma, sojojin Najeriya sun riga sun gwabza da Italiya a gabashin Afirka. Su ne suka shiga Mogadishu a watan Fabrairun 1941, suka nausa har cikin Habasha.

A 1943 aka kafa manyan rundunoni biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82. A cikinsu akwai 'yan Najeriya, da 'yan Gwalkwas wato Gana ta yau, da 'yan Saliyo, da 'yan Gambiya. Runduna ta 81 ta shiga kwarin kogin Kaladan a farkon 1944. Wuri ne mai duwatsu da surƙuƙin daji, babu hanyar mota. Da gatari da diga da shebur suka sare hanya mai tsawon fiye da mil 70. Abinci da harsashi kuwa daga sama ake jefo musu da laima. Ita ce babbar runduna ta farko a ɓangaren Ingila da ta dogara kacokan ga jirgin sama wajen samun guzuri.

Akwai wasu da tarihi ya cika mantawa da su. Su ne sojoji 'yan dako. Yawancinsu ba a ba su bindiga ba. Aikinsu ɗaukar kaya a ka: akwatin harsashi, sassan igwa, magani, har da waɗanda aka raunata. Suna hawa dutse suna sauka, ruwan sama na dukansu, harbi na wuce su. Inda mota ta gaza, inda alfadari ya gaza, su ne suka wuce.

Abokin gaba ba Japanawa kaɗai ba ne. Akwai zazzaɓin cizon sauro. Akwai atini. Akwai matsattsaku da ke manne wa ƙafa yana shan jini. Ga damina mai watanni ana tsuga ruwa, kaya ba sa bushewa a jiki.

Wata birged ta 'yan Najeriya, mai bataliya uku, an haɗa ta da dakarun da ake kira Chindit, ƙarƙashin Janar Wingate. Su jirgi ne ya sauke su a bayan layin Japanawa a 1944, suka yi ta yaƙin sunƙuru. A Janairun 1945 kuma rundunonin biyu, ta 81 da ta 82, suka haɗu suka karɓe garin Myohaung a yankin Arakan.

Mai sauraro, wataƙila ka sha jin waɗannan sunaye ba ka san asalinsu ba. Barikin Chindit a Zariya. Barikin Dalet da na Kalapanzin a Kaduna. Barikin Myohaung da Arakan da Dodan a Ikko. Duk daga yaƙin Bama suka samo suna.

Gida ma ba a manta da su ba a lokacin. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, tana kawo labarin yaƙin da Hausa. Sarkin Katsina Usman Nagogo ya yi tattaki har Indiya da Bama ya gai da sojojin. Malam Sa'adu Zungur ya rubuta waƙarsa ta Maraba da Soja don tarbar su.

Japan ta miƙa wuya a watan Agustan 1945. Yawancin sojojinmu sai a 1946 suka iso gida. Wasu ba su iso ba. A maƙabartar yaƙi ta Taukkyan, kusa da birnin Rangun, akwai ginin tunawa mai ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba. A cikinsu akwai 'yan Afirka ta Yamma.

Waɗanda suka dawo fa, me suka samu? Wani bincike da 'yan jarida suka fitar a 2019, daga takardun gwamnatin Ingila, ya nuna yadda aka biya kuɗin sallama. Farar fata ƙaramin soja yana samun sule 10 a kan kowane wata da ya yi yana aiki. Baƙar fata ɗan Afirka mai irin muƙaminsa, sule 3 da sisi. Yaƙi ɗaya, harsashi ɗaya, lada daban.

Yanzu ku saurari abin da adana labari ke haifarwa. Akwai wani soja ɗan ƙasar Yarabawa, daga yankin Owo, mai suna Isaac Fadoyebo. Yana yaro matashi ya shiga soja. A watan Maris na 1944 Japanawa suka yi wa ayarinsu kwanton ɓauna a bakin kogin Kaladan. Aka harbe shi a ƙafa, aka bar shi a kan ya mutu. Wani manomi Musulmi ɗan ƙauyen, mai suna Shuyiman, ya ɓoye shi tare da wani soja ɗan Saliyo, yana ciyar da su watanni, alhali da an kama shi kashe shi za a yi. Fadoyebo ya dawo gida ya rubuta abin da ya same shi. Saboda wannan rubutu, ɗan jarida Barnaby Phillips ya nemo shi a Ikko, ya je har Bama ya gano iyalan Shuyiman, ya kai musu wasiƙar godiya. Tashar Aljazira ta nuna fim ɗin a 2011. Fadoyebo ya rasu a 2012.

Haka marubuci Biyi Bandele, haifaffen Kafancan. Daga labaran mahaifinsa, wanda ɗan Bama ne, ya rubuta littafin Burma Boy a 2007.

Waɗannan an ji su domin an rubuta. To namu na Zurmi da Shinkafi da Ƙaura fa? Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1943, yau ya kai shekara 100. Kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Da yawa sun tafi da labarinsu a ciki. Abin da ya rage a wasu gidaje shi ne lambar yabo a ƙasan adaka, da tsohuwar takardar sallama da gara ta fara ci.

An yi sake da 'yan Bama. Kada a maimaita da na bayansu. Wannan shi ne kashi na uku.

Najeriya na samun 'yanci a 1960, aka tura sojojinta Kwango ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Sun zauna har 1964, kuma a ƙarshe ɗan Najeriya ne, Janar Aguiyi-Ironsi, ya jagoranci rundunar baki ɗaya. Barikin Bukavu na Kano daga wani gari na Kwango ya samo sunansa. An je Lebanon daga 1978. An je Cadi a farkon shekarun 1980.

Sai babbar tafiya, wato ECOMOG. Wannan runduna ce ta ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda Najeriya ta fi kowa zuba mutane da kuɗi a cikinta. Ta sauka Monrobiya, babban birnin Laberiya, a watan Agustan 1990, ana harbinta tun daga bakin tashar jirgin ruwa. Daga baya ta shiga Saliyo, ta maido da shugaba Ahmad Tejan Kabbah kan mulki a 1998. An ce musu aikin kiyaye zaman lafiya ne, suka tarar da yaƙi sosai, wani lokaci da yara ƙanana masu ɗauke da bindiga. Bayan nan an je Darfur a Sudan daga 2004, an je Mali a 2013.

Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar yana cikin waɗanda suka yi irin wannan aiki. Ya yi Cadi, ya yi Saliyo, ya kai muƙamin birgediya janar kafin ya hau gadon sarauta a 2006. Shi an san tarihinsa. Amma kofur da saja da suka tsaya a bayan hafsoshi fa? Suna nan cikinmu. Wani yana gadin makaranta. Wani yana sayar da hatsi. Wani shi ne limamin unguwa. Wanda ya shiga yaƙin basasa yana ɗan shekara 20, yau ya doshi 80. Ɗan ECOMOG na farko ya haura 50.

Yawancinmu abin da muka sani na rayuwar bariki daga wasan Samanja Mazan Fama muka samo shi, na marigayi Usman Baba Pategi, wanda shi kansa tsohon soja ne. Ya ba mu dariya, ya kuma koya mana abubuwa. Sai dai akwai ɓangaren da wasa ba ya ɗauka. Wannan sai daga bakin wanda ya je ya gani.

Kuma jama'a, mu a wannan yanki ba baƙin ƙarar bindiga ba ne. Shekarun nan mun ga abin da muka gani. 'Ya'yanmu na cikin soja, wasu na cikin Askarawan Zamfara da aka ƙaddamar a farkon 2024. Matashin da ke ɗokin riƙe bindiga yana bukatar ya ji daga wanda ya riƙe ta shekara da shekaru. Tsohon soja ya ga yadda Monrobiya ta koma kufai. Ya ga abin da ɗaukar fansa ke jawo wa gari. Idan ya yi wa yaro magana, yaron zai saurara.

Yanzu kashi na huɗu, na ƙarshe. Yaya ƙungiya za ta shirya wannan zama?

Mataki na farko, a nemo su. Mai unguwa ya san su. Akwai kuma ƙungiyar tsofaffin sojoji ta ƙasa, wadda ake kira Lijiyon, tana da rassa a jihohi da ƙananan hukumomi. A fara sanar da hakimi ko dagaci, kamar yadda aka saba a kowane taro.

Mataki na biyu, a je gida a roƙa. Kada a aika yaro da takarda. Shugaban ƙungiya da mutum ɗaya ko biyu su je, su durƙusa su gaisa. A ce, Baba, mun zo neman ilimi ne, in ka yarda. In ya ce a'a, a yi godiya a tashi. Ba dole.

Mataki na uku, a zaɓi wuri mai natsuwa. Ajin makaranta da yamma, ko zauren mai gari. A sa masa kujera da ruwa. A bar shi ya fara daga inda ya ga dama. A tambaye shi yadda ya shiga soja. A tambaye shi tafiyar, da abincin da suka ci, da yadda suka yi salla da azumi a can. A tambayi su wa suka tafi tare daga garin nan, su wa suka dawo. A tambayi yadda wasiƙa ke isowa gida.

Akwai tambayar da ba a yi. A saurara da kyau. Kada kowa ya ce, Baba, mutum nawa ka kashe? Kada a yi wannan tambaya. In ya yi shiru, a bar shi ya yi shirunsa. In hawaye ya zo, kada a yi dariya, kada a matsa.

Dalili shi ne, yaƙi yana barin rauni iri biyu. Akwai na jiki, wanda ido ke gani. Akwai na zuciya da ƙwaƙwalwa, wanda likitoci ke kira ciwon firgici bayan tashin hankali. Alamunsa su ne mugun mafarki, rashin barci, zabura idan an buga ƙofa ko tayar mota ta fashe, saurin fushi, da gudun mutane. A gari sai a ce ai soja ne, kansa da motsi. Wannan rashin adalci ne. Ciwo ne, kuma ana maganinsa. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware kusa da Sakkwato, akwai wani a Kaduna, kuma likitan babban asibiti mafi kusa zai iya tura mutum inda ya dace.

Mataki na huɗu, a adana. Wayar da ke aljihunka ta isa. A nemi izininsa, a ɗauki muryarsa. Ɗalibi ɗaya ya rubuta sunaye da shekaru da wurare. A ɗauki hoton lambobin yabo da takardar sallama, a mayar masa da abinsa a hannu. A ajiye kwafi a makarantar gari, a ba iyalinsa kwafi. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙaura Namoda, cike da ɗalibai masu neman abin bincike. In kuma sojan na bakin aiki ne ya zo hutu, kada a tambaye shi sirrin aiki, kada a yaɗa hotonsa a Facebook ko WhatsApp. Tsaron ransa ya fi labarin.

Kada a manta da mata. Matar da mijinta ya tafi Laberiya ya bar ta da yara, ita ma tana da nata labarin. Gwauruwar da aka kawo wa kayan mijinta ba tare da shi ba, ita ma haka. Ƙungiyoyin mata da makarantun Islamiyya su suka fi dacewa su zauna da su.

Mataki na biyar, sauraro ya zama aiki. A tambayi tsohon, fanshonka na zuwa? An yi maka tantancewa? Sau da yawa abin da ke tsayar da haƙƙin mutum bai wuce cike takarda, ko kuɗin mota zuwa Gusau, ko wanda zai raka shi banki ba. Wannan bai fi ƙarfin ƙungiya ba. In katangar gidansa ta faɗi, ga aikin gayya. In marayun abokin aikinsa sun bar makaranta, ga inda asusun ƙungiya zai yi amfani.

A taƙaice, a nemo su, a roƙe su cikin ladabi, a saurare su, a adana, a taimaka.

Kowace shekara, ranar 15 ga Janairu, Najeriya na bikin tunawa da 'yan mazan jiya, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. A Abuja da Gusau ana fareti, ana ajiye furanni. Kiran wannan shiri ga shugabannin ƙungiyoyi na Birnin Tsaba, Zurmi, Shinkafi da Ƙaura Namoda shi ne, kafin 15 ga Janairu mai zuwa, kowace ƙungiya ta zauna da tsohon soja ko da guda ɗaya ne, ta ɗauki muryarsa, ta duba matsalar fanshonsa. Kai kuma mai sauraro, in akwai irin wannan dattijo a gidanku ko maƙwabta, ka kai sunansa ga shugaban ƙungiyarku a wannan makon.

Nan shirin ya kawo ƙarshe.